Nauyin Rigar Lamba Shida

Goggon Kulob, kamar yadda dukan garin ya san ta, ta rasu ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, tana da shekara sittin da takwas a duniya. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu, kuma a tsawon waɗannan shekaru ba ta taɓa shiga fili ta kalli wasa ba, ko sau ɗaya. Masu zuwa gaisuwa sun yi ta yabon haƙurinta da tsabtarta, kuma duk gaskiya suka faɗa, amma babu wanda ya ambaci abin da ya hana ta sukuni a shekarunta bakwai na ƙarshe. A ganinta, da bakinta ta sayar da mutumin da yake riƙe da ƙungiyar, kuma ba ta da sauran buri illa ta samo madadinsa kafin ta bar duniya.

Ba sha'awar ƙwallo ce ta kai ta ga wannan aiki ba. Mijinta shi ne mai gadin ƙofar filin wasa, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku ƙanana. Shugabannin ƙungiyar na wancan lokaci ba su da abin da za su ba ta, sai suka ba ta wanki. Gidanta yana layi na biyu bayan katangar filin, kusa ƙwarai, har idan aka zura ƙwallo kajinta sukan watse saboda ihun 'yan kallo. A tsakar gidan akwai baho uku, da famfon da ba ya kawo ruwa sai da safe, da igiyoyin shanya huɗu, da dutsen guga na gawayi wanda mariƙinsa ya yi sulɓi saboda riƙo.

Duk ranar wasa, kafin rana ta faɗi, direban motar ƙungiyar yakan sauke mata buhun riguna a ƙofar gida. Sa'anta ne, kuma shekara da shekaru ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"Goggo, ga turarenki ya iso," in ji shi.

"Ajiye can, sarkin surutu. Mun ci ko an ci mu?"

"Ni za ki tambaya? Buɗe buhu ki gaya mini, tunda ke kika fi alƙalin wasa gani."

Takan buɗe kuwa, kuma da wuya ta yi kuskure. Ba ta zuba rigunan cikin ruwa gaba ɗaya kamar yadda masu wanki suke yi. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaukarsu, ta ɗora kowace a tafin hannunta, ta ɗaga ta sauke, sannan ta shimfiɗa ta duba. Da fari don ta san yawan sabulun da kowace za ta ci take yin haka. Daga baya hannunta ya koyi abin da ita ma ba ta nemi koya ba. Ta gane cewa gumin mai ƙiba daban, gumin mai gudu daban: na farko yakan taru a ƙirji da ciki, na biyu yakan sauko daga kafaɗu ya bi gadon baya, idan ya fara bushewa ya bar farin layin gishiri. Ta gane cewa wandon da ya sha koren ciyawa a ƙugu na mutumin da yake makara ne, sai ya zame a ƙasa kafin ya cim ma ƙwallo. Idan rigar mai tsaron gida ta zo da datti gaba da baya, ta san an wuni ana yi mana luguden ƙwallo. Ba ta san fuskokin yawancin 'yan wasan ba. Da lambobinsu ta san su, da lambobin kuma take kiransu.

A shekararta ta goma sha bakwai a aikin, riguna biyu suka fara jan hankalinta. Ɗaya ita ce Lamba Goma, ta ɗan wasan gaban da yara suke rera sunansa a titi, wanda hotonsa yake manne a kowane shagon aski. Rigarsa takan zo da sauƙi, da ɗan danshi a wuya kawai. Ɗayar kuma Lamba Shida ce, ta wani ɗan wasan tsakiya da aka ɗauko kyauta daga ƙaramar ƙungiya, wanda ba a cika jin sunansa a rediyo ba. Rigarsa takan yi nauyin riguna biyu, bayanta fari fat da gishiri, amma wandonsa kusan babu ciyawa a jiki.

Wata rana Shida ya kwanta zazzaɓi, ya yi mako uku bai buga wasa ba. A makonnin nan uku rigar Goma ta riƙa zuwa sharkaf, wandonsa kore shar, kuma ko ƙwallo ɗaya bai ci ba. Da Shida ya warke ya dawo, rigar Goma ta koma sauƙinta, shi kuma ya koma cin ƙwallayensa. Yaya ta faɗa wa Direba a cikin hira, Direba ya kai wa mai horar da ƙungiyar a matsayin abin dariya. Mai horarwar, wanda daga baya kowa ya riƙa kira Tsohon Koci, bai yi dariya ba. Washegari da hantsi ya yi sallama a gidan, ya kife bokiti ya zauna a kai.

"Goggo, maimaita mini abin da kika gaya wa wancan mai bakin."

Ta ɗauko rigunan biyu, waɗanda ba ta riga ta jiƙa ba, ta ɗora masa a hannu. "Ni ban san ƙwallo ba, Koci. Abin da na sani, wannan yana yin gudun mutum biyu, nasa da na wancan. Shi ya sa wancan yake isa bakin raga da sauran numfashinsa."

Tun daga ranar, bokitin nan ya zama kujerar Tsohon Koci. Duk washegarin wasa yakan zo, ita kuma takan ware masa rigunan da take son ya gani. Ƙungiyar ba ta da kuɗin sayen fitattun 'yan wasa, don haka ya tsiro da wata hanya: duk wanda ya zo neman a ɗauke shi, sai a ba shi riga mai lamba ya yi wata guda yana atisaye, rigar kuma tana bi ta hannun Goggo. Ba ita take yanke hukunci ba, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Amma na ji da kunnena yana tambayarta, "Ashirin da uku fa?" ta ce, "Ranar da kake fili rigarsa nauyi, ranar da ka yi tafiya iska." Ba a ɗauki Ashirin da uku ba. Da irin wannan tsintar aka haɗa ƙungiyar da ta zo ta uku a babbar gasa shekara biyu a jere, ta kuma ɗauki kofi ɗaya tilo da yake cikin tarihinta. Ranar da aka zagaya gari da kofin, motar ta tsaya a ƙofar gidan Yaya, kyaftin ya shiga da shi har tsakar gida. Ta duba shi, ta ce yana buƙatar a goge shi da toka.

Shekara biyar aka yi a haka, sai idon Tsohon Koci ya fara ba shi wahala, ya ajiye aiki ya koma wurin 'yarsa a wani gari. A shekarar kuma ƙungiyar ta sami sabon shugaba, wani ɗan kwangila mai hannu da shuni, mai son ƙungiyar da gaske, mai gaggawa kuma. Ya kawo sabon koci daga nesa. Buhu bai daina zuwa ba, Yaya ba ta daina auna riguna ba, amma babu mai zama a kan bokitin. Na sha zuwa na tarar ta ware riguna biyu ko uku a gefe, ta bar su har azahar, sannan ta tsoma su a ruwa. Shekara biyu cur babu wanda ya tambaye ta abin da ta gani. Dole a san wannan kafin a yi mata hukunci a kan abin da ya biyo baya.

Wata safiya, washegarin wasa, wani baƙo ya yi sallama da riguna biyu na sawa a leda, ya ce an gaya masa babu mai guga kamarta a unguwar. Ina gidan a ranar. Mutum ne mai ladabi, ya rusuna ya gaishe mu, ya tambayi lafiyar yara da jikoki. Da ya ga buhun ƙungiya sai ya nemi izinin zama, ya kife bokitin nan ya zauna. Na ga yadda Yaya ta dubi bokitin.

"Jiya na kalli wasanku, Goggo," in ji shi. "Kai, Lamba Goma! Ai shi ne ƙungiyar. Idan aka cire shi, sauran goman kayan ado ne."

"Haka ake cewa," ta amsa, tana ci gaba da kaɗa kumfa.

"Ni dai ban ga amfanin wasu ba. Kamar wancan na tsakiya, Shida ne ko? Shekara bakwai, ƙwallo biyu. Ko ni da tumbin nan zan yi haka."

Ta tsame hannunta daga ruwa, ta goge a zane. Ta ɗauko rigunan biyu ta ɗora masa, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

"Ɗaga ka ji, ɗan nan."

Ya ɗaga. Daga nan ta shiga bayani. Ta nuna masa layin gishiri, ta nuna masa wandon da babu ciyawa, ta ba shi labarin makonni uku na zazzaɓi, ta gaya masa cewa a shekara bakwai rigar nan ba ta taɓa zuwa da sauƙi ba, ko an ci ko ba a ci ba, ko an biya albashi ko an yi jinkiri. Fuskarta ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Baƙon ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce zai dawo karɓar rigunansa jibi. Bai dawo ba. Rigunan suna nan a goge a ƙasan akwatinta har yau.

Bayan mako uku, da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, rediyo ta sanar cewa wata babbar ƙungiya ta sayi Lamba Shida. A gari murna aka yi, domin jita-jitar da ake yi ita ce Goma suka zo ɗauka. Shugaban ƙungiya ya ce a rediyo an yi ciniki mai albarka, an riƙe zinariya an sayar da ƙarfe. Ranar da zai tafi, Shida ya zo gidan Yaya da kansa. Wannan ne karo na farko da ta ƙare wa fuskarsa kallo: gajere ne, mai sanyin murya, ya fara sanƙo tun yana ɗan shekara ashirin da tara. Ya durƙusa ya ajiye kwali a gabanta, dutsen guga na lantarki ne a ciki.

"Goggo, na zo godiya. Mutumin da ya zo ɗaukata ya gaya mini komai. Ya ce Goma aka aiko shi saye, ke kika juya masa ra'ayi. Albashina ya ninka sau biyar. 'Ya'yana za su yi karatu saboda ke."

"Wane mutum?" ta tambaya.

"Mai tumbin nan. Ya ce har riguna ya kawo miki guga."

Ta ture kwalin gefe. Sannan ta sa masa albarka yadda ya kamata, ta yi masa addu'ar tsari daga rauni, ta raka shi har ƙofa. Da ta dawo ta zauna a bakin baho, ta sa hannuwanta biyu a cikin ruwa ba tare da tana wanke komai ba.

"Yaya, alheri kika yi masa," na ce mata. "Mutum ne mai iyali, ya yi wa garin nan bauta shekara bakwai a kan abin da bai taka kara ya karya ba."

"Na sani, Malama." Haka take kirana tun ranar da na fara koyarwa. "Ban yi masa baƙin ciki ba, Allah ya sani. Amma sirrin gidan da ya ciyar da marayuna ne na ɗauka na ɗora wa baƙo a hannu, don kawai ya zauna a kan bokiti ya saurare ni."

Dutsen gugar nan ba ta taɓa jona shi a wuta ba.

Shugaban ƙungiya ya haɗa kuɗin Shida da nasa na aljihu, ya sayi 'yan wasan gaba huɗu, kowannensu ya taɓa zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a inda ya fito. Ba a taɓa kashe kuɗi irin wannan a garinmu ba. Aka yi taron gabatar da su da makaɗa, aka buga hotunansu a manyan alluna a bakin kasuwa. Wasan farko aka yi canjaras, na biyu ma haka, na uku aka ci mu biyu a gida. Yaya ta auna rigunan sababbin nan huɗu, kowace kamar ba a sa ba. Ta Goma kuwa ta riƙa zuwa tana ɗiga, wandonsa ya yage a gwiwa mako bayan mako.

A wata na uku ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sa mayafinta mai kyau, ta ɗauki riguna biyar a leda, ta ce in raka ta ofishin shugaba. Muka jira awa biyu a kan benci. Ya karɓe mu da mutunci, ya tashi ya ba ta kujera.

"Goggonmu ta kanmu! Me muka yi muka sami wannan girma?"

"Ranka ya daɗe, magana na kawo, ka yi haƙuri da mai wanki. Ka sayi mutum huɗu masu tsayawa a kawo musu, ba ka sayi mai kawowa ba. Yaron nan Goma shi yake komawa baya ya ɗauko, kafin ya iso gaba ya ƙare. In aka ci gaba a haka ƙafarsa za ta tafi. Ka sayar da biyu cikin huɗun nan, ka nemo mai gudu ɗaya, ko da ba a san sunansa ba."

Ta fara kwance ledar, ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Bar su a ciki, Goggo, ofis ne. Kin san nawa na kashe a kan mutanen nan? In na sayar da su na kawo wanda ba a sani ba, 'yan kallo za su jefe motata. Sabo ne kawai ba su yi da juna ba. Ki ba su lokaci, ki kuma yi mana addu'a."

Ya sa aka kai mu gida a motarsa. Har muka isa ledar tana kan cinyarta a ɗaure.

Ƙafar Goma ta tafi a wata na biyar, jijiyar gwiwa ce ta tsinke, kuma bai sake zama yadda yake ba. Shugaba ya koma kasuwa ya ƙara sayo 'yan gaba biyu. A ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, inda take har yanzu. Ƙungiyar da ta sayi Shida kuwa ta ɗauki gasar sau biyu a shekara uku, kuma a can ma ba sunansa ake rerawa ba. An canza koci sau shida a shekara bakwai, kowane ya zo da nasa jerin waɗanda za a saya, kowane ya tafi ya bar su. Babu wanda ya taɓa ɗora wa Yaya laifi, domin a garin ban da ni da Direba babu wanda ya san zancen baƙon. Da ma an zarge ta, wataƙila da ta sami abin musantawa.

A shekara ta uku bayan faɗuwar, ƙungiyar ta sayi injin wanki da sababbin riguna na wani yadi mai santsi da ba ya riƙe gumi. Don kada a ce an kore ta, aka bar mata kayan atisayen ƙungiya ta biyu, wato matasan da ake ajiye da su ko za a dace: riguna ashirin da biyu na auduga, tsofaffi, duk iri ɗaya, babu lamba a jikin ko ɗaya. Na ɗauka za ta ji an wulaƙanta ta. Sai na ga ta karɓa da hannu biyu.

"Auduga ba ta ɓoye komai," in ji ta. "In akwai shi, a nan zai fito."

Shekara uku tana nema. A lokacin sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta bambance fuska sai murya. 'Ya'yanta suka yi ta roƙonta ta bar wankin, ta ƙi. Sau uku a mako Direba, wanda shi ma ya tsufa har an mayar da shi kan ƙaramar mota, yakan kawo buhu, ita kuma ta auna riguna ashirin da biyu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa bayan kowace da yatsunta tana neman kaushin gishiri.

A tsakiyar watan Maris na bana ta aika a kira ni. Na same ta zaune da riga ɗaya a cinya, Direba yana tsaye a kanta.

"Malama, taɓa nan. Daga kafaɗa har ƙugu. Gaban kuma shafa ki ji, babu komai. Karo na biyar ke nan a jere, kullum guda ɗaya cikin buhu. Shi ne. Allah ya kawo shi."

"To wane ne?" na tambaya.

Direba ya sosa ƙeya. "Nan fa ake yin ta. A tsibi ake zuba rigunan, kowa ya ja wadda hannunsa ya kai, in an gama a watsa su a buhu. Na tambayi kocinsu, ya ce in bar shi da tatsuniyar tsofaffi. Na tambayi yaran wa ya fi gudu, kowa ya ɗaga hannu, har mai tsaron gida."

"Kai ba ka da ido ne? Ba ka tsayawa a bakin fili?"

"Goggo, shekara talatin ina kallon Shida da irinsa ban gan su ba, sai yau zan fara gani?"

"Bakwai ya yi, ba talatin ba. Ko lissafi ba ka iya ba, sai danna hon."

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, Direba ya ji a ofis cewa a tsakiyar Afrilu za a sallami goma sha shida daga cikin matasan nan, domin a sami gurbi da albashin sababbin 'yan wasan da shugaba yake shirin saye. Sabon kocin ƙungiyarmu ta farko kuwa, wanda Direba ya ce yana da kunnen sauraro, ya yi alkawari cewa idan aka kawo masa suna ɗaya zai riƙe yaron ya gwada shi. Suna ɗaya kawai ake nema.

Na ba da shawarar a rubuta lambobi da tawada a cikin wuyan rigunan. Yaya ta ce tawada tana zuba da gumi, ita kuma ba ta taɓa mayar da riga da tabo ba; ban da haka ma, idonta ba zai karanta ba. Dabararta ita ce ƙulli. Za ta ɗinka ƙananan ƙulle-ƙulle na zare a cikin kalmasar kowace riga: ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu biyu, har zuwa ashirin da biyu, a jere biyar-biyar yadda yatsa zai iya ƙirgawa. Direba zai tsaya a ƙofar ɗakin canza kaya ya miƙa wa kowa riga da hannunsa, ya riƙe wanda ya karɓi wace. Da yamma ita kuma ta auna, ta shafa kalmasa, ta faɗi adadin ƙulli. Ta ce sai an gama duka za a fara, domin idan rigar ta faɗo cikin marasa alama an yi asarar rana.

Na ce ta kawo in taya ta. Ta bar ni na yi riga ɗaya, ta shafa, ta warware.

"Naki sun yi laushi, Malama, wanki ɗaya za su kwance. Ke dai zura mini zare a allura."

Haka muka yi. Rigunan ba sa kwana biyu a gidan, suna tafiya suna dawowa, don haka sai a ɗan tsakanin bushewa da zuwan Direba take samun yin ɗinkin. Ƙulli ɗaya yakan ɗauke ta minti biyar, wani lokaci allurar ta kuɓuce mata mu yi ta lalube a tabarma. Rigunan farko sun yi sauri. Daga ta goma abin ya fara nauyi, domin kowace ta fi wadda ta gabace ta yawan ƙulli. Tari ya kama ta a farkon Afrilu, ta ƙi zuwa asibiti, ta ce bayan sha biyar ga wata za ta je duk inda muke so.

Ranar Laraba da la'asar muna zaune a inuwar katanga, rigunan suna ninke a gefenta. Ta gama ta goma sha huɗu, ta ɗauki ta goma sha biyar, ta yi ƙulli shida. Ta ce in ba ta ruwa. Kafin in dawo daga randa ta jingina da bango, rigar tana cinyarta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan kwana uku Direba ya zo karɓar kayan, domin an ci gaba da atisaye da aron riguna. Ya tsaya a ƙofa bai yi tsokana ba. Na ce masa ko da ba a ƙarasa ƙullin ba, a gwada ko sau ɗaya. Ya kwashi goma sha huɗun da ta gama da bakwai ɗin da ba ta taɓa ba, ya kai, ya dawo da su da yamma a jiƙe. Muka zauna ni da shi muka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, muka shafa bayan kowace, muka sake ɗagawa. A hannuna da nasa duk nauyinsu ɗaya.

Ranar sha biyar ga wata aka liƙa sunayen waɗanda aka sallama a ƙofar fili, mutum goma sha shida. Direba ya ce sun kwashi takalmansu sun watse, wasu garuruwansu, wasu kasuwa. Ko yaron yana cikinsu, ko yana cikin shidan da suka rage, babu wanda zai iya faɗa. A makon kuma rediyo ta sanar cewa ƙungiyar ta sayi sababbin 'yan wasan gaba uku.

Riga ta goma sha biyar ba ta koma ba, kuma ba a aiko nemanta ba. Tana wurina a ninke, ƙulli shida a kalmasarta, saura tara, allurar tana soke a inda Yaya ta tsaya.